BA A SAYEN BIJIMI SAI AN DUBA HAƘORANSA

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:10-12, Yahaya 20:24-29, Habakuk 1:1-4 da 3:17-19
Ayar haddacewa: 1 Tasalonikawa 5:21
Manufar darasi: A taimaki iyalai su gane cewa tambaya ta gaskiya ba rashin bangaskiya ba ce, su kuma koyi yadda ake gwada kowace magana da aka faɗa da sunan Allah.

GABATARWA

Kasuwar shanu ta Potiskum, a Jihar Yobe, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Ana kawo mata shanu daga rugagen Yobe da Borno, da kuma Nijar, Chadi da Kamaru, daga nan kuma ake loda su a manyan motoci zuwa Legas, Anaca, Fatakwal da sauran biranen kudu. A ranar cin kasuwa mutum zai ga farin Bunaji, da jan Rahaji mai dogayen ƙahoni, da Wadara, an ɗaɗɗaure a turaku, dillalai suna kai da kawowa tsakanin masu dabbobi da masu saye.

Amma duk wanda ya tsaya ya lura zai ga wani abu da ya fi yawan shanun ban sha'awa. Babu ƙwararren mai saye da ke ƙirga kuɗi don kawai an ce masa bijimin nan lafiyayye ne. Sai ya zagaya shi, ya taɓa tozonsa, ya duba idanunsa da hancinsa, ya sa a kwance shi ya yi tafiya, sa'an nan ya sa a buɗe bakinsa. Mai dabba kuma ba ya fushi, domin kowa ya san ba a cinikin biri a sama. Wanda ya hana a duba dabbarsa, shi ne ake yi wa zargi.

Abin mamaki shi ne, mutumin da ba zai sayi ɗan maraƙi ba sai ya duba, yakan koma gida ya miƙa ransa, da kuɗinsa, da lafiyar 'ya'yansa ga maganar da bai taɓa gwadawa ba, don kawai an faɗe ta da ƙarfi an kuma haɗa da sunan Yesu. A wani gidan kuwa, idan yaro ya yi tambaya a kan bangaskiya, sai a tsawata masa kamar ya yi saɓo. Duka biyun kuskure ne, kuma tushensu ɗaya ne: tsoron cewa gaskiya ba za ta jure bincike ba.

1. ALLAH NE YA UMARTA A GWADA

Sa'ad da Bulus da Sila suka tsere daga Tasalonika da dare, suka isa Biriya, sun shiga majami'ar Yahudawa suka yi wa'azi. Mutanen Biriya sun saurara da marmari, amma ba su tsaya nan ba. Kowace rana sukan koma ga Littattafai su duba ko abin da aka faɗa musu haka yake. Wanda suke bincikar maganarsa manzo ne, amma Luka bai kira su masu taurin kai ba, ya yaba musu, ya kuma rubuta cewa da yawa daga cikinsu sun ba da gaskiya. Binciken bai hana bangaskiya ba, shi ne ya haife ta.

Luka kansa ya faɗa a farkon bisharar da ya rubuta cewa ya bi diddigin al'amura tun daga tushe, ya dogara ga shaidar waɗanda suka gani da idonsu, domin Tiyofilus ya tabbatar da ingancin abin da aka koya masa (Luka 1:1-4). Manzo Yahaya ya gargaɗi ikkilisiya kada ta amince da kowane ruhu sai ta gwada shi (1 Yahaya 4:1). Ubangiji kuma ya yaba wa ikkilisiyar Afisa saboda ta gwada waɗanda suka kira kansu manzanni ta same su maƙaryata (Wahayin Yahaya 2:2).

Saboda wannan ne ma aka sha wahalar juya Maganar Allah zuwa harsunan mutane. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan aikin shekaru masu yawa na Likita Walter Miller da abokan aikinsa a ƙasar Zazzau. Ba an yi wannan aiki domin littafin ya zama kayan ado a kan teburi ba ne. An yi shi ne domin manomi a Fika da mahaifiya a Nangere su iya yin abin da mutanen Biriya suka yi.

2. YADDA AKE DUBAWA

Na farko, a buɗe baki. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, guda 8 ne a muƙamuƙin ƙasa. Wajen shekara 2 takan zubar da biyun tsakiya, manya su fito, daga nan kuma bibbiyu suna biyowa har baki ya cika wajen shekara 5. Mai dabba zai iya rage shekarunta da bakinsa, amma ba zai iya sāke haƙoranta ba. Haƙoran kowace koyarwa kuwa su ne abin da take faɗa game da Almasihu da hanyar ceto, ma'aunin kuma Littafi Mai Tsarki ne. Bulus ya gaya wa Galatiyawa cewa ko shi kansa, ko mala'ika daga sama, ya kawo wata bishara dabam, kada a karɓa (Galatiyawa 1:8). Musa ma ya faɗa cewa ko al'ajibin annabi ya cika, muddin yana jan mutane ga waɗansu alloli, kada a saurare shi (Maimaitawar Shari'a 13:1-3). Saboda haka mu'ujiza kaɗai ba hujja ba ce. Idan mai wa'azi ya ɗauko aya guda, mai bi ya karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, domin Shaiɗan ma ya jawo aya daga Zabura sa'ad da ya jarabci Yesu a jeji.

Na biyu, a kwance ta ta yi tafiya. Dabba mai ɗingishi takan yi kyau muddin tana ɗaure a turke. Haka mutum yakan yi kyau a kan bagade ko a allon talabijin, amma tafiyarsa ta yau da kullum ce ke nuna halinsa. Yesu ya ce da irin 'ya'yan da itace ke bayarwa ake gane shi (Matiyu 7:15-20). Yaya yake bi da matarsa? Yaya yake da amanar kuɗi? Yana karɓar gyara, ko kuwa duk wanda ya tambaye shi sai ya la'ance shi?

Na uku, a bari ruwa ya sauka. Akwai tsohuwar dabara da aka sani a kasuwannin dabbobi: a ba ramammiyar dabba gishiri ko kanwa, ta sha ruwa har cikinta ya cika, ta yi kamar mai ƙiba. Wanda ya yi garaje ya saya, kashegari zai ga haƙarƙari. Annabci ma lokaci ne ke tona shi. A zamanin Sarki Zadakiya, Hananiya ya yi shela a Haikali cewa cikin shekara 2 za a karya karkiyar Babila. Irmiya ya yi fatan hakan ya tabbata, amma ya ce cikar magana ce za ta nuna wanda Ubangiji ya aiko. Hananiya ya mutu bayan wata 2, Urushalima kuma ta faɗi (Irmiya 28). Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin takaici, sau da yawa mutane ba sa riƙe lissafin annabce-annabcen da ake yi musu a farkon shekara, balle su tambaya a ƙarshenta ko nawa ne suka cika.

Na huɗu, a nemi shaidu. Aikin dillali bai tsaya ga karɓar la'ada ba. Shi ne ya san mai dabba, shi ne za a nema idan daga baya ta bayyana ta sata ce. Cinikin da aka yi a ɓoye, ba dillali ba shaida, shi ne yakan kai mutum gaban alƙali. Bulus ya umarci Korantiyawa cewa idan annabawa sun yi magana, sauran su auna abin da aka faɗa (1 Korantiyawa 14:29). Duk koyarwar da ke cewa kada a gaya wa fasto, kada a gaya wa dattawa, kada miji ko mata su sani, ta riga ta ba da shaida a kan kanta.

Na biyar, a tambayi inda kuɗin yake zuwa. Bitrus ya tsauta wa Siman mai sihiri da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:18-20), Elisha kuma ya ƙi karɓar kome daga hannun Na'aman bayan ya warke (2 Sarakuna 5:16). Baiko da zakka domin aikin Ubangiji daidai ne. Amma idan aka sa farashi a kan mai, ko ruwa, ko addu'ar warkarwa, aka kuma hana mara lafiya zuwa asibiti, to, ba Allah ne ake yi wa hidima ba.

Rashin wannan gwaji yana cin rayuka. A ranar 17 ga Maris 2000, a Kanungu ta ƙasar Yuganda, ɗaruruwan mabiyan wata ƙungiya sun ƙone ƙurmus a cikin ɗakin sujadarsu. Shugabanninsu sun yi annabcin ƙarshen duniya, mutane sun sayar da mallakarsu sun kawo kuɗin, duniya kuma ba ta ƙare ba. Da aka tono kaburburan da aka ɓoye, adadin matattu ya haura 700. A 2023 kuma, a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, an tono gawawwaki fiye da 400, da yawansu na yara, na mutanen da aka koya wa cewa su ƙi cin abinci har su mutu domin su sadu da Yesu. Waɗannan mutane ba su rasa himma ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai tambaya: a ina aka rubuta haka?

3. SA'AD DA TAMBAYAR TA JUYO GIDA

Gwada baƙon mai wa'azi abu ne mai sauƙi. Abin da ke girgiza iyali shi ne ranar da ɗa ko 'ya suka dawo daga makaranta, ko suka ɗago kai daga waya, suka ce: yaya aka san ba a sāke Littafi Mai Tsarki ba? Da an haife ni a gidan maƙwabcinmu, ai da wani addini nake bi? Me ya tabbatar da cewa Yesu ya tashi daga matattu?

Iyaye kada su firgita. Ɗan makiyayi yana iya gādon garke, amma sanin shanu ba a gādonsa, sai ya bi su daji da kansa. Bangaskiyar iyaye gādo ce mai daraja, amma dole wata rana ta zama ta yaron, kuma sau da yawa ta ƙofar tambaya take shiga. Tun a Shari'ar Musa, Allah ya shirya cewa 'ya'ya za su tambayi ma'anar Idin Ƙetarewa da ta dokoki, ya kuma umarci iyaye su ba da amsa (Fitowa 12:26-27, Maimaitawar Shari'a 6:20-21).

Toma ba matsoraci ba ne. Shi ne ya ce wa sauran almajirai su tafi su mutu tare da Ubangiji (Yahaya 11:16), kuma tambayarsa ce game da hanya ta jawo amsar da kowane ɗan makarantar Lahadi ya haddace a Yahaya 14:6. Bayan gicciye, ya ce ba zai gaskata ba sai ya ga gurbin ƙusoshi. A lura da abu biyu. Toma bai fita daga zumunta ba, bayan mako guda yana nan tare da 'yan'uwa. Su kuma ba su kore shi ba. A cikin wannan taro ne Yesu ya zo ya nuna masa hannuwansa, Toma kuwa ya shaida cewa Yesu ne Ubangijinsa da Allahnsa. Yesu ya sa albarka ga waɗanda suka gaskata ba tare da gani ba, amma ba waɗanda suka gaskata ba tare da dalili ba, domin nan take Yahaya ya bayyana cewa an rubuta alamun nan ne domin masu karatu su ba da gaskiya.

Yahaya Maibaftisma ma, yana kurkuku, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan. Yesu bai tsawata masa ba. Ya nuna wa manzannin abin da ke faruwa ga makafi da guragu da kutare, sa'an nan ya yabi Yahaya a gaban jama'a (Matiyu 11:2-11). Bulus kuma, da yake magana a kan tashin Almasihu, ya ambaci sunayen shaidu, ya ce ya bayyana ga mutum fiye da 500 a lokaci guda, yawancinsu kuma suna da rai sa'ad da yake rubutu, wato mai shakka yana iya zuwa ya tambaye su. Ya ƙara da cewa in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyar masu bi banza ce (1 Korantiyawa 15:3-17). Wanda ke ɓoye aibin hajarsa ba ya magana haka.

Idan mahaifi bai san amsa ba, ya faɗi gaskiya, su nema tare wurin fasto, ko malamin makarantar Littafi Mai Tsarki, ko littattafai masu inganci. Matambayi ba ya ɓata. Yaron da aka rufe wa baki a gida ba ya daina tambaya, wurin tambayar kawai yake sākewa. Yahuza ya umarta a ji tausayin masu shakka (aya 22), Bitrus kuma ya ce mai bi ya kasance a shirye ya ba da dalilin begensa cikin tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16). A gari irin Potiskum, inda Kirista da Musulmi ke ciniki a inuwa ɗaya, wannan ladabi ba abin wasa ba ne.

4. MAI SAYE DA MAI YAWON KASUWA

Ba kowace tambaya ce ke neman amsa ba. A kasuwa akwai wanda ke zagaya turaku tun safe, yana taya wannan yana kushe wancan, alhali aljihunsa ba kome, niyyar saye ma babu. Bilatus ya tambayi Yesu ko mece ce gaskiya, ya juya ya fita bai jira amsa ba (Yahaya 18:38). Farisiyawa sun nemi alama bayan sun ga alamu da yawa. Wani kuma yakan fake da shakka don akwai zunubin da ba ya so ya bari. Saboda haka mai tambaya shi ma ya tambayi kansa: in an ba ni amsa mai gamsarwa, zan yi biyayya?

Dubawa tana da ƙarshe. Akwai lokacin da mai dabba zai ce ya sallama, mai saye ya kama igiya. Ba ya jira sai ya san duk abin da ke cikin cikin dabbar, ya ga abin da ya isa ya amince.

Amma a nan misalin kasuwa ya kai iyakarsa. Allah ba haja ba ne da ke ɗaure a turke yana jiran hukuncin mutum. Gwada maganar da aka jingina wa Allah wajibi ne, amma gindaya wa Allah sharaɗi cewa sai ya yi kaza kafin a bi shi, wannan shi ne jarabar da Yesu ya ƙi (Matiyu 4:5-7). A cinikin ceto kuwa, mai bi ba shi ne mai saye ba, shi ne aka saya, ba da azurfa ko zinariya ba, sai da jinin Almasihu (1 Bitrus 1:18-19). Wanda ya saye shi ya san dukan aibinsa tun kafin ya biya.

5. TAMBAYAR DA BA TA DA AMSA MAI SAUƘI

Mutanen Potiskum sun san wata tambaya da ta fi duk waɗannan nauyi. A daren Laraba, 2 ga Mayu 2012, 'yan bindiga sun afka wa kasuwar shanun nan da harsasai da abubuwan fashewa, bayan da aka kama wani da ake zargi da fashi aka ƙone shi tun da rana. An kashe aƙalla mutum 34, dabbobi masu yawa sun hallaka, dukiya ta ƙone. A daren Kirsimeti na wannan shekara, an kashe mutum 6 har da fasto a wata majami'a a ƙauyen Peri kusa da garin. A ranar 10 ga Nuwamba 2014 kuma, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, ɗalibai fiye da 40 suka mutu. Musulmi da Kirista duk sun binne nasu. Gwauruwa ko mahaifin da ya tambaya ina Allah yake a ranar, bai yi saɓo ba.

Annabi Habakuk, wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, ya buɗe littafinsa da irin wannan ƙara. Ya tambayi Ubangiji har yaushe zai yi ta kuka saboda ta'addanci ba a cece shi ba, don me kuma Mai Tsarki ya yi shiru mugu yana haɗiye adali. Amsar farko da ya samu ta ƙara masa ruɗewa, sai ya sāke tambaya, ya hau hasumiyar tsaro ya jira. Abin koyi shi ne, Habakuk bai kai ƙarar Allah wurin wani ba, ya kai ta wurin Allah kansa, Ruhu Mai Tsarki kuma ya bar wannan ƙara a rubuce domin ikkilisiya.

Ba a bayyana wa Habakuk dalilin kowace mutuwa ba, Ayuba ma ba a bayyana masa ba. Abokan Ayuba da suka yi saurin ba da bayani, su ne Allah ya tsauta wa. Abin da aka ba Habakuk shi ne tabbacin cewa mugunta tana da ranar hisabi, adali kuma ta bangaskiya zai rayu. Abin da aka ƙara wa masu bi na yau shi ne gicciye, inda Ɗan Allah kansa ya ɗaga murya ya tambayi Uban dalilin yashe shi, da kuma kabarin da aka tarar ba kowa a rana ta uku.

KAMMALAWA

Habakuk ya rufe littafinsa da hoton da kowane makiyayi zai gane: gonaki ba amfani, garke ya watse, turaku ba shanu. A cikin wannan hali ne ya ce zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Bai fara da wannan magana ba, sai da ya ratsa ta cikin tambayoyin sura ta 1 kafin ya iso gare ta, shi ya sa take da nauyi. Iyalin da ke so 'ya'yansu su iya tsayawa a ranar da turke ya zama fanko, su ba su damar yin tambaya tun shanu suna nan.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A IYALI

1. Mene ne mutanen Biriya suka yi da ya sa aka yaba musu? Yaya iyali za su yi haka da wa'azin da suke ji a rediyo, talabijin ko WhatsApp?
2. A cikin hanyoyin gwaji 5 da aka ambata, wacce aka fi sakaci da ita a yau, kuma don me?
3. Mene ne bambancin tambayar Toma da ta Bilatus?
4. Wace tambaya ce game da bangaskiya wani a gidan yake riƙe da ita bai taɓa faɗa ba? A ba kowa dama, daga ƙarami zuwa babba, ba tare da tsawa ba.

ABUBUWAN ADDU'A

A roƙi Ubangiji ya ba ikkilisiya baiwar rarrabewa, ya ba iyaye haƙurin sauraro da tawali'un cewa ba su sani ba inda ba su sani ba. A yi addu'a domin matasan da ke fama da shakka, da iyalan Potiskum da kewaye da har yanzu ke ɗauke da raunin waɗancan shekaru, da kuma zaman lafiya tsakanin maƙwabta. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.